Daidai Ne Yamcha Ya Doke Beerus

Duk wanda ya bi labarin Dragon Ball ya san matsayin Yamcha. Tsohon ɗan fashin hamada ne da ya tuba ya shiga sahun jarumai, amma labarin ya yi gaba ya bar shi a baya, har ta kai babu abin da ake tuna shi da shi kamar ranar da wani ƙaramin dodo kore ya rungume shi ya fashe, aka bar gawarsa kwance a cikin rami. Beerus kuwa shi ne wanda labarin ya ba aikin halaka duniyoyi, kuma yana iya tarwatsa rabin duniya da ɗan yatsa don kawai abincin da aka kawo masa bai yi masa daɗi ba. A cikin wasan bidiyo na Dragon Ball FighterZ, Yamcha yana iya tsayawa gaban Beerus ya lakaɗa masa duka har ya kai shi ƙasa, muddin wanda ke riƙe da shi ya fi abokin karawarsa iya wasa. Akwai masoyan labarin da ke ganin wannan cin fuska ne ga abin da suka taso suna kallo. Ni kuwa ina ganin wannan shawara ce ta fitar da wasan daga sahun tarin wasannin da ake yi wa fitattun labaran anime, wato fina-finan zane masu motsi na ƙasar Japan, kuma ita ya kamata masu mallakar irin waɗannan labarai su riƙa dubawa kafin su ba wani kamfani izinin yin wasa da sunansu.

Akira Toriyama ya fara wallafa Dragon Ball a mujallar Weekly Shōnen Jump ta ƙasar Japan a 1984, ya kammala a 1995, kuma tun labarin yana tafiya ake fitar da wasanninsa. Yawancin wasannin da ake ginawa a kan anime suna sayar da ƙauna ce kawai. Ana tara jarumai masu yawa, a sa su a fili mai faɗi, a ba kowa wani gagarumin hari mai walƙiya, sannan a dogara da cewa mai saye zai yafe duk wani rauni saboda ya ga fuskar da yake so. Jump Force, wanda ya fito a 2019 ya haɗa jarumai daga labarai daban-daban, misali ne da ya isa: ya yi kasuwa da farko, amma a 2022 aka janye shi daga shagunan intanet aka kuma rufe yawancin hidimominsa. Wasa ne da ake saya don suna, a buga na 'yan makonni, a ajiye.

Dragon Ball FighterZ ya fito a watan Janairun 2018. Kamfanin Bandai Namco ne ya wallafa shi, amma aikin ginin an danƙa shi ne ga Arc System Works, kamfanin da ya yi suna da Guilty Gear da BlazBlue, wato mutanen da sana'arsu ita ce wasan faɗa na gasa tun kafin su taɓa Dragon Ball. Wannan zaɓi ne ya haifar da duk abin da ya biyo baya, domin sun soma ne da tambayar yadda mutum biyu za su kara a yi adalci, sannan suka nemi yadda labarin zai shiga cikin amsar.

Tsarin wasan ba shi da wuyar bayani. Kowane ɗan wasa yana zaɓar jarumai uku, ɗaya yana fili, biyu suna jira, kuma wanda ya fara rasa ukunsa ya sha kashi. Ana faɗa ne a kan layi ɗaya, hagu da dama da sama, kamar yadda aka saba tun zamanin Street Fighter II na 1991. Akwai maɓallin duka mai sauƙi, da matsakaici, da mai nauyi, da na harbin ƙarfi, sai biyu na kiran abokan tafiya su kawo ɗauki na ɗan lokaci ko su karɓi fili gaba ɗaya. Idan mutum ya yi ta danna maɓalli ɗaya, jarumin zai haɗa jerin duka da kansa, ya ɗaga abokin karawa sama ya bi shi ya maka shi da ƙasa. Hare-hare na musamman kusan duk ana yin su ne da juyi ɗaya mai sauƙi na sandar sarrafawa, daga ƙasa zuwa gaba ko daga ƙasa zuwa baya, ba tare da murɗe-murɗen yatsu da suka kori mutane da yawa daga tsofaffin wasannin faɗa ba.

A nan ne ƙorafi na farko ya taso, kuma daga ɓangaren ƙwararru ya fito. Sun ce an sauƙaƙa abin har ya zama na yara, tunda wanda bai taɓa riƙe na'ura ba zai iya yin abin da a da sai an yi wata ana koyo. Ban yarda da wannan ba, domin ya ɗauki wahalar yatsu a matsayin zurfin wasa, alhali abubuwa biyu ne daban. Jerin dukan da wasa ke yi wa mutum ba ya cin jini da yawa, kuma ba ya barin mai shi a matsayi mai kyau bayan ya ƙare. Wanda ya haɗa nasa da hannu, ya san lokacin kiran abokin tafiya don ya tsawaita shi, ya tura abokin karawa lungu ya hana shi numfashi, yana samun riba ninkin ba ninkin. Abin da sauƙin ya yi shi ne ya kawar da shingen farko, ya bar sabon shiga ya isa wurin da ainihin wasan yake, wato karanta zuciyar wanda ke zaune kusa da shi. Bayan shekaru biyar, Street Fighter 6 ya zo da nasa tsarin sarrafawa mai sauƙi, kuma duniyar gasa ba ta rushe ba.

Ɗauki harin da ake kira Super Dash. Da dannawa ɗaya jarumi zai tashi ya nufi abokin karawa duk inda yake, yana ture ƙananan harbe-harbe a hanya, daidai yadda ake gani a zanen talabijin. Sabon ɗan wasa yakan ɗauka ya samu makamin da ba shi da magani, ya yi ta amfani da shi yana cin na ƙasa da shi, har ranar da zai haɗu da wanda ya san cewa durƙusawa a saki duka mai nauyi tana kakkaɓo mai tahowa daga sama, ta kuma buɗe hanyar jerin duka mai tsanani. Daga wannan rana dole ya fara tunani: yaushe zan tashi, yaushe zan yi kamar zan tashi in fasa, yaushe zan sa abokin tafiya ya rufe mini baya. Haka abin yake ga Vanish, inda jarumi ke ɓacewa ya bayyana a bayan abokin karawa, wanda ke cin kaso ɗaya daga cikin bakwai na ma'aunin ƙarfi, kuma duk kason da aka kashe a nan an rage shi ne daga babban harin da za a iya buƙata nan gaba. Haka kuma ga Dragon Rush, wanda ke fasa kariyar mai yawan tarewa amma ana iya warware shi idan an farga da wuri. Wasan yana tafiya ne a kan hotuna 60 a kowace daƙiƙa, kuma duka mafi sauri na yawancin jarumai yana fita cikin hotuna 6, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ido ba ya iya bin wannan. Dole a yi hasashe, kuma hasashe mai kyau yana zuwa ne daga lura da ɗabi'ar mutum.

Haɗa tawaga ma ilimi ne mai zaman kansa. Akwai jarumin da ya dace ya buɗe fili saboda ba ya buƙatar ma'aunin ƙarfi da yawa, akwai wanda amfaninsa ya fi yawa idan yana gefe yana kawo ɗauki, akwai kuma wanda ake ajiyewa a ƙarshe domin yana iya tsayuwa shi kaɗai. Wani ɓangare na jinin da jarumi ya rasa yana zama shuɗi, kuma yana dawowa idan aka fitar da shi ya huta, don haka mai wayo yakan tilasta wa wanda ya jikkata ya dawo fili kafin ya murmure. Sai Sparking Blast, wanda ake da damar kunnawa sau ɗaya a karawa, yana ƙara ƙarfi yana mayar da jini, kuma yana daɗewa gwargwadon ƙarancin jaruman da suka rage wa mutum. Wanda ya kunna shi da wuri ya ceci jarumi ɗaya amma ya rasa madogara, wanda ya ajiye shi kuma yana iya mutuwa da shi a hannu. Wannan doka ɗaya ta ɗauko abin da ya fi komai maimaituwa a labarin, wato jarumin da aka kai bango ya tashi da sabon ƙarfi, ta mayar da shi shawara da ɗan wasa zai yanke ya kuma ɗauki alhakinta.

A ganina a nan ne biyayya ta gaskiya ga labarin take, kuma masu cewa an ci amanarsa sun duba wurin da bai dace ba. An daidaita ƙarfin jarumai, amma ba a daidaita halayensu ba. Frieza yana jefa faifan wuta da ke juyowa, kuma idan bai kauce ba shi ma ya sare shi, kamar yadda ya faru da shi a duniyar Namek. Idan ya rikiɗe ya zama na zinariya yana samun ƙarfi na ɗan lokaci, sannan ƙarfin ya ƙare ya bar shi a durƙushe, domin a labarin ma gaggawarsa ce ta sa bai koyi riƙe wannan siffa ba. Nappa yana shuka dodanninsa a ƙasa su tsiro su taya shi faɗa. Kyaftin Ginyu yana kiran yaransa ɗaya bayan ɗaya, kuma yana iya musayar jiki da abokin karawa, ya ba shi nasa da ya jikkata ya karɓe lafiyayye. Krillin yana jefa waken da ke warkarwa. Wanda ya buga da Hit zai ga dole ya koyi haƙuri da jiran kuskuren wani, wanda ya buga da Broly kuma zai ga yana tafiya cikin harbi kamar ba a yi ba. Mutum yana sanin jarumi ta yadda yake ji a hannu, kuma wannan sani ya fi na kallon lambar ƙarfinsa a takarda.

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne a watan Janairun 2019, a wasan ƙarshe na gasar duniya ta farko da aka yi a Los Angeles, inda ɗan Japan Kazunoko ya lashe kambu da tawagar da ta ƙunshi Gotenks da Gohan da Yamcha, kuma Yamcha ne jaruminsa na ƙarshe, wanda ake dogaro da shi idan komai ya lalace. Mutumin da labarin ya mayar abin dariya ya zama ginshiƙin zakaran duniya. Da an bi ma'aunin labarin sau da ƙafa, da kowa ya zaɓi jarumai ukun da suka fi ƙarfi, da sauran sun zama ado.

Game da kyan gani ba sai an daɗe ba, domin ko masu sukar wasan sun sallama. Jaruman siffofi ne masu kauri da aka gina a kwamfuta da injin Unreal Engine 4, amma an hana kwamfuta cike motsin da ke tsakanin tsayuwa da tsayuwa, an tsara kowace tsayuwa da hannu, an kuma sarrafa inuwar fuska ta yadda za ta faɗi inda mai zane zai sa ta. Arc System Works ya fara wannan salo ne a Guilty Gear Xrd. Sakamakon shi ne wasa da ake iya tsayar da shi a kowane lokaci a ga hoton da ya yi kama da shafin littafin Toriyama, wanda shi da kansa ya tsara siffar sabuwar jaruma Android 21 domin wasan. Idan kuma aka gama karawa da jaruman da suka dace a filin da ya dace, kamar Gohan da Cell, wasan yana sake nuna yadda faɗan ya ƙare a labarin. Kyauta ce ga masoya wadda ba ta taɓa sakamakon karawar ko kaɗan.

Kasuwa da fagen gasa duk sun amsa. An fitar da kwafi miliyan 2 cikin mako na farko, kuma zuwa 2023 adadin ya wuce miliyan 10. A gasar Evo ta 2018 a Las Vegas, wadda ita ce babbar matattarar masu wasan faɗa a duniya, FighterZ ne ya fi kowane wasa yawan masu shiga, da mutum 2,575, ya wuce Street Fighter V. Lokaci ma ya taimaka masa, domin Marvel vs. Capcom: Infinite, wanda ya kamata ya gaji masu son faɗan tawaga, ya fito a 2017 bai samu karɓuwa ba, sai jama'arsa suka kwararo nan. A wasan ƙarshe SonicFox na Amurka ya doke GO1 na Japan bayan wata taƙaddama kan sauya wurin zama da sai da aka jefa kwabo kafin a warware ta, kuma a shekarar da ta biyo baya GO1 ya rama a kan dandali guda. Mutanen da ba su taɓa kallon Dragon Ball ba sun koyi sunayen jarumansa saboda wannan hamayya, kuma masoyan labarin da ba su taɓa sanin akwai gasar wasan faɗa ba sun zauna sun kalla.

Akwai hujjar ɗaya ɓangaren, kuma ba ta da rauni. A watan Oktoban 2024 aka fitar da Dragon Ball: Sparking! Zero, magajin jerin Budokai Tenkaichi, da jarumai sama da 180, aka sayar da kwafi miliyan 3 cikin sa'o'i 24. Wasa ne da ya rungumi rashin daidaito da gangan: mai ƙarfi a labari mai ƙarfi ne a hannu, kuma Mister Satan, ɗan adam mai cika baki da ba shi da ƙarfin sauran jaruman, yana dukan manya kamar yana dukan bango. Miliyoyin mutane abin da suke so ke nan, su tashi sama su farfasa duwatsu su sake rayuwa cikin abin da suka kalla suna yara, kuma babu wanda ya isa ya ce musu wannan ba nishaɗi ba ne. Sai dai ko shi, da ya zo ga karawa tsakanin mutane ta intanet, dole ya ƙirƙiro tsarin maki, inda kowane jarumi ke da farashi kuma tawaga ba ta wuce maki 15 ba. Ma'ana, da zarar mutum biyu sun zauna kowa yana son ya ci, batun adalci yana dawowa ko an kore shi. Wasa irin wannan yana ba mutum labarin da ya riga ya sani, kuma daɗinsa yana raguwa idan an gama ganin duk hare-haren. FighterZ yana ba mutum abokin hamayya, kuma mutum ba ya ƙarewa kamar yadda jerin hotuna ke ƙarewa.

Wannan ba ya nufin wasan ya tsira daga aibi, kuma wasu aibobin nasa manya ne. Jerin dukan ƙwararru yana da tsawo ƙwarai, har mutum yakan zauna yana kallon ana dukansa na daƙiƙoƙi masu yawa ba shi da abin yi, wani lokaci ma kuskure ɗaya ya cinye jarumi sukutum. Daidaiton da nake yabo shi ma bai taɓa cika ba: a shekarar farko Cell da Bardock da ƙaramin Buu sun cika fili, a ta biyu ƙaramin Goku na GT, wato babban jarumin labarin a siffarsa ta yaro daga shirin Dragon Ball GT, ya zama kusan dole a kowace tawaga, sai da gyare-gyare suka yi ta biyo baya, ciki har da na 2020 da ya ba kowane jarumi nau'in ɗauki uku a zaɓa. Yanayin labari na mai wasa shi kaɗai, inda ake ta faɗa da kwafin jarumai marasa wayo, yana gundura tun kafin a kai rabi. Jarumai sun tashi daga 24 zuwa 44 a 2022, amma ƙarin duk na kuɗi ne, kuma zuwa lokacin Goku kaɗai ya fito a siffa biyar, ban da waɗanda suka haɗa jiki da shi ko suka ari fuskarsa, alhali akwai jaruman farkon labarin da ba a waiwaye su ba. A nan kasuwanci ya rinjayi tunani, kuma ana gani.

Aibin da ya fi yi masa illa shi ne haɗin intanet. Wasan ya fito da tsohon tsari, wanda ke jinkirta abin da mutum ya danna har sai saƙon abokin karawa ya iso, ta yadda nisa kaɗan ko tangarɗar layi ke mayar da wasan da aka gina a kan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya zama kamar ana gudu a cikin ruwa. Akwai tsarin da ya fi shi, wanda aka sani shekaru da dama kafin nan, inda na'ura ke hasashen abin da ɗaya ɓangaren zai danna ta ci gaba, idan ta yi kuskure ta koma baya ta gyara cikin ƙiftawar ido. Lokacin da annobar korona ta rufe wuraren taro a 2020, gasa ta koma intanet, kuma wannan rauni ya fito fili. Guilty Gear Strive na kamfani guda ya zo da sabon tsarin a 2021. FighterZ kuwa an yi masa alkawarinsa a Evo ta 2022, amma bai iso ba sai ƙarshen Fabrairun 2024, shekara shida bayan fitowar wasan, kuma bai shafi masu PlayStation 4 da Xbox One da Switch ba. Wanda ke zaune nesa da manyan cibiyoyin gasa, wanda ba shi da abokin karawa sai ta layi, shi ne ya biya wannan jinkiri, kuma shi ne mutumin da sauƙin maɓallan ya jawo tun farko. Da alama masu zuwa daga baya sun lura: wasan Hunter x Hunter: Nen x Impact, shi ma na tawagar mutum uku, an ɗage fitowarsa daga 2024 zuwa 2025 musamman don a sa masa wannan tsari kafin ya isa hannun jama'a.